Gwanintar Riƙon Hanya: Masu Gyaran Titi Tun Bai Lalace Ba

A ƙasar Niyu Zilan, da zarar an shiga watan Oktoba sanyi ya fara ja da baya, sai ma'aikatan hanya su bazu a kan tituna da tankokin kwalta da tifofin tsakuwa. Su tare hannu ɗaya na titi, su rage wa motoci gudu, su fesa narkakkiyar kwalta, su watsa tsakuwa a kai, rola ta bi ta danne. Haka za su yi ta yi har wajen watan Maris, domin lokacin zafinsu ke nan, daidai sa'ad da mu nan Nijeriya muke fama da hunturu. Abin da ke ɗaure wa direbobi kai shi ne, sau da yawa titin da ake wa wannan hidima ba shi da rami ko guda. A ido lafiyarsa ƙalau. Don haka kusan kowace shekara sai hukumomin hanya sun amsa ƙorafi iri ɗaya: me ya sa kuke zuba kuɗi a kan titi mai kyau, ga wani can ya ragargaje kun zuba masa ido?

Wanda ya gane amsar wannan ƙorafi ya gane sana'ar baki ɗaya. Gina hanya aikin shekara biyu ne ko uku, a gama a yi bikin buɗewa a watse. Riƙon hanya kuwa aikin shekara hamsin ne, injiniyan da ya fara shi ba shi zai ƙarasa ba. Gwanin wannan aiki yana kallon titi a matsayin dukiya mai wa'adi. Ya san ranar da aka shimfiɗa shi, ya san abin da ke cin sa, ya san shekarar da zai fara gazawa, kuma burinsa ya riga shekarar nan isowa da ɗan kuɗi kaɗan, kafin ta zo ta nemi masu yawa.

Titin mai ƙaramin ƙarfi

Larura ce ta koya wa mutanen Niyu Zilan wannan aiki. Ƙasarsu tsibirai ce masu tsaunuka da ruwan sama mai yawa da girgizar ƙasa. Mutanenta miliyan 5 ne da 'yan kai, jihar Kano kaɗai ta fi su yawa. Amma hanyoyinsu sun haura kilomita 90,000, kimanin 11,000 daga ciki manyan hanyoyi ne na gwamnatin tsakiya, sauran suna hannun ƙananan hukumomi. Arzikinsu madara ne da nama da katako, kuma galibi a mota ake kwaso su daga karkara zuwa masana'anta da tashar jiragen ruwa. Ga mutane kaɗan, ga hanya da tsawo, ga kaya da nauyi. Da sun ce sai titin kankare ko kwalta mai kauri irin ta manyan hanyoyin Jamus da Amurka, da ba su yi nisa ba kuɗin ya ƙare.

Sai suka zaɓi titi mai araha. A daddanne niƙaƙƙen dutse ya yi ƙarfi, sa'an nan a rufe shi da siririyar fata ta kwalta da tsakuwa wadda kaurinta bai fi na ɗan yatsa ba. Mafi yawan titunan kwaltar ƙasar haka suke. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don da yawa daga hanyoyin jihohi da na karkara a Arewa haka aka yi su, sai dai mu marmara aka fi dannewa a ƙasa.

Abin lura shi ne, fatar nan ba ita ke ɗaukar nauyin mota ba, abin da ke ƙarƙashinta ne ke ɗauka. Ita aikinta biyu: ta hana ruwa shiga, ta ba taya abin kamawa. Kuma tana tsufa. Rana da iska suna busar da maiƙon da ke jikin kwalta, ta yi tauri, ta daina miƙewa, ta fara tsattsagewa siriri-siriri yadda mai wucewa a guje ba zai gani ba. Wajen shekara goma, wani wuri ƙasa da haka, wani wuri sama, dole a sake ta. Fatar nan ce ma'aikatan da ake wa ƙorafi suke sabuntawa, tun ruwa bai sami ƙofa ba.

Ruwa da nauyi

Duk injiniyan hanya da ka tambaya babban abokin gabarsa, ruwa zai ce maka. Wannan sani ya daɗe. John McAdam, ɗan Sikotilan da aka damƙa wa kula da hanyoyin Biristol a Ingila a 1816, a kansa ya gina duk koyarwarsa: ƙasar da ke ƙarƙashin hanya ita ke ɗaukar kaya, muddin ta zauna a bushe za ta ɗauka, in ta jiƙe kuwa sai ta lotsa komai abin da aka shimfiɗa mata. Saboda haka ya sa a ɗaga hanya sama da filin da ke gefenta, a yi mata ɗan doro a tsakiya don ruwa ya gangare hagu da dama, a haƙa mata magudana.

Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya riga ya san wannan ilimi. Ba a jiran soro ya fara yoyo kafin a yi masa yaɓe. Da bazara ake hawa a toshe tsaga, a shafe da makuba, a share bakin indararo, don an san in ruwa ya kai ga azara zance ya wuce yaɓe, sai sabon rufi.

Ramin titi ba a kwana ɗaya yake samuwa ba. Da farko tsaga ce. Ruwa ya bi ta tsagar ya jiƙa abin da ke ƙasa. Babbar mota ta taka, ruwan ya matsu ya feso waje ɗauke da garin ƙasa. Wata ta taka, ya ƙara fesowa. A hankali ƙarƙashin kwalta ya zama kogo, rannan sai ta rufta. Ramin da direba ya gani yau, watanni ke nan ko shekaru ana haƙa shi ta ciki. Shi ya sa a wurin masu wannan sana'a cike rami ba abin alfahari ba ne, shaida ce cewa an makara.

Ayyukan da suke girmamawa su ne waɗanda ba wanda ke ɗaukar hotonsu. A yashe kwalbati kafin damina. A sare ciyawar da ta toshe magudana. A kankare yashin da ya taru a gefen titi har ya fi kwalta tudu, ya hana ruwa sauka. A bi tsaga ɗaya bayan ɗaya a ɗura mata kwalta. Kwalbati guda da leda da yashi suka toshe tana iya sa ruwa ya taru ya haura titi, ya yanke shi cikin dare ɗaya, alhali lebura biyu da shebur sun isa su hana.

Abokin gaba na biyu nauyi ne, kuma lissafinsa da ban mamaki yake. Daga 1958 zuwa 1960, kusa da garin Ottawa na jihar Ilinoi a Amurka, an gina wasu titunan gwaji masu zagaye, kowane yanki da irin kaurinsa. Aka sa sojoji suka yi ta zagaya su da motoci masu nauyi daban-daban, kusan dare da rana har shekara biyu, injiniyoyi suna auna yadda kowane yanki ke mutuwa. Abin da aka gano ya zama ginshiƙin zanen hanya a duniya. Ɓarnar da aksul ke yi wa titi, wato ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyin hagu da dama, tana tsere wa nauyinsa nesa ba kusa ba. In ka ninka nauyin sau biyu, ɓarnar ta ninka kusan sau 16. Aksul mai ɗauke da tan 10 in ya wuce sau ɗaya, ya yi wa titi abin da aksul mai tan ɗaya zai yi masa in ya wuce sau 10,000.

Wato dai ƙananan motoci, komai yawansu, cunkoso suke kawowa. Tireloli da tankoki da tifofi ne ke cin titi. Ƙa'idar ECOWAS ta tsayar da tan 11.5 a kan aksul guda. Tirelar da aka danƙara wa lodi har aksul ya kai tan 16, ƙarin da bai kai rabi ba, ɓarnarta ta kusa ninki huɗu. Titin da aka zana don shekara 20, in irin wannan lodi ya zama ruwan dare a kansa, yana iya ƙarewa cikin shekara 5 ko 6, a yi ta zagin ɗan kwangila alhali sikeli ne babu a hanyar.

Niyu Zilan ta mayar da wannan lissafi doka. Tun 1978 motocin dizal da duk manyan motoci suke biyan kuɗin hanya gwargwadon tafiyarsu. Mai mota ya sayi lasisi na kilomita dubu-dubu, a cibiyar tayar babbar mota kuma akwai na'urar da ke ƙirga nisan da ta yi. Farashin ya danganta da nauyin motar da yadda aka jera mata aksul. Wanda ya raba kayansa a kan aksul masu yawa ya rage ɓarna, don haka kuɗinsa ya sauko. Ta haka mai tirela da kansa yake neman abin da zai sauƙaƙa wa titi, saboda aljihunsa. Kuɗin nan, haɗe da harajin fetur, asusun sufuri na ƙasa suke shiga, daga can ake gyaran hanya.

Karatun titi

Kafin a gyara abu sai an san da shi. Tun shekarun 1980 hukumomin hanya a Niyu Zilan suka fara zuba bayanan hanyoyinsu a wani kundin kwamfuta da ake kira RAMM. An yanyanka kowace hanya gutu-gutu a cikin kundin, kowane gutsure da tarihinsa: faɗinsa, abin da ke ƙarƙashinsa, shekarar da aka sa masa fata ta ƙarshe, girman tsakuwar da aka watsa, yawan motocin da ke bin sa. Kwalbati da gada da allon hanya da fitila, kowanne da wurinsa da shekarunsa. Injiniya ya yi ritaya ko ya sauya aiki, abin da ya sani yana nan bai tafi da shi ba.

Kowace shekara kuma wata babbar mota ta musamman tana bin manyan hanyoyin ƙasar tana auna lafiyarsu ba tare da ta tsaya ba. Tana ɗauke da tankin ruwa da wata ƙaramar taya da aka karkatar da gangan. Ta fesa ruwa a gaban tayar, ta auna yadda titin ke riƙe ta, a gane inda ya yi santsi tun mota ba ta zame a kwana ba. Da hasken lesa kuma take auna zurfin kwarin da tayoyi suka yi a kan kwalta, da yawan gargada. Gargada ma tana da ma'auni na duniya, wanda aka samo daga wani gwaji da aka yi a Barazil a 1982: ana lissafa mita nawa mota ta yi tana hawa da sauka a kan sifirin ɗinta cikin kowane kilomita. Sabon titi yana wajen 2, wanda ya kai 8 kuwa direba ba ya bukatar a gaya masa. Akwai kuma na'urar da ke sakin nauyi ya faɗo a kan faranti, a auna yadda titin ya lotsa ya dawo, a san ƙarfin cikinsa ba tare da an haƙa ba.

Duk da haka na'ura ba ta kori ido ba, kuma a nan ne gwanintar ta fi burgewa. Ƙwararren mai duba hanya yana sauka daga mota ya taka da ƙafa, ya karanta kwalta. Tsaga mai ƙananan gidaje kamar fatar kada, a daidai inda taya ke bi, tana gaya masa cewa cikin ya gaji. Sabuwar fata ba za ta yi magani ba, sai an tono. Doguwar tsaga guda da ta bi tsawon titi kusa da gefe tana nuna ƙasar da ke ƙarƙashi ce ke motsi, tana kumbura da damina tana tsukewa da rani, irin abin da baƙar lakar yankin Tafkin Chadi ke yi wa hanyoyin Borno. Farin gari ko ja da ya bushe a bakin tsaga bayan ruwan sama, alama ce ruwa ya riga ya shiga yana fitar da ciki waje. Kwalta ta yi baƙi wuluk tana sheƙi a sawun taya, to tsakuwa ta nutse kwalta ta taso, santsi na nan tafe. Tsakuwa tana zubewa tana barin tabo, to kwaltar ta yi kaɗan ko an shimfiɗa ta cikin sanyi. Bakin titi yana gutsurewa, to gefen ya zaizaye ya bar kwalta ba majingina. Kowace alama da cutarta, kowace cuta da maganinta da farashinsa. Wanda bai iya karatun ba yakan sa magani mai tsada inda mai araha ya isa, ko ya shafa fata a kan ruɓaɓɓen ciki, bayan damina biyu aikin ya tashi a banza.

Shi kansa sa fatar ba aikin gayya ba ne. Dole titi ya bushe, ƙasa ta yi ɗumi, tsakuwa ta zama mai tsabta ba ƙura, girmanta ɗaya. Dole a auna yawan kwaltar da za a fesa a kowane murabba'in mita gwargwadon girman tsakuwa da yawan motoci da yanayin tsohuwar fatar. In ta yi yawa ta taso, in ta yi kaɗan tsakuwa ta tsere. Tsakanin yawa da kaɗan ɗin nan ɗan taƙi ne, kuma tifar tsakuwa dole ta biyo tankar kwalta a duga-dugai kafin kwaltar ta huce.

Sanin lokaci

Titi ba ya lalacewa daidai wa daida kowace shekara. Yakan daɗe yana kamar ba abin da ke damun sa, sa'an nan cikin 'yan shekaru kaɗan ya gangara gaba ɗaya. Gwaninta ita ce a kama shi a bakin gangaren. In an yi sauri da yawa, an zubar da sauran shekarun da tsohuwar fata za ta iya yi. In an yi jinkiri, an rasa cikin. Don haka ake ɗora bayanan kundin nan a kan manhajar da ke hasashen yadda kowane gutsure zai kasance nan da shekara biyar ko goma, a fitar da jerin ayyuka na shekaru masu zuwa, sa'an nan injiniyoyi su fita su duba da idonsu, su ce wannan zai iya jira, wancan a matso da shi bana.

A nan ne amsar ƙorafin direbobi take. Sake gina kilomita ɗaya daga tushe yana cin kuɗin da zai sabunta fatar kilomita masu yawa. A ɗauka, don misali, ninki goma ne. Kana da kilomita ɗaya da ya mutu murus, da kilomita goma da ke bakin gangare, kuɗin hannunka kuma na aiki ɗaya ne. In ka bi hayaniya ka gina mataccen, za a yaba maka bana, amma nan da 'yan shekaru goman nan sun bi sahunsa, bashin da ke kanka ya zama na gina kilomita goma. In ka ceci goman, ka riƙa lallaɓa mataccen da faci don kada ya kashe mutane, bashinka na kilomita ɗaya ne, kuma wanda ya riga ya mutu ba ya ƙara tsada sosai don ya jira. Fara da mafi lalacewa shi ne abin da zuciya ke so, shi ne kuma hanyar da ta fi saurin talauta hukuma. Tsayawa a gaban jama'a da 'yan siyasa a bayyana musu haka yana bukatar ƙarfin hali, kuma yana cikin sana'ar.

Duniya ta riga ta biya kuɗin wannan darasi. A 1988 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45 cikin shekara ashirin saboda rashin kula, asarar da gyaran dala biliyan 12 a kan kari zai iya hanawa. Wannan ma ba a sa abin da masu motoci ke biya ba, na taya da sifirin da mai da lokaci, wanda a ƙarshe yake komawa kan kuɗin mota da farashin buhun masara.

Littafi da kwangila

Me ya sa gwamnatoci suke faɗawa wannan rami suna gani? Saboda a kasafin kuɗi na yau da kullum, gyaran da ba a yi ba kamar tsimi yake fitowa. Ba a kashe ba, to an adana. Niyu Zilan ta toshe wannan kafa ta hanyar lissafi. Bayan dokar kuɗin gwamnati ta 1989, gwamnati ta koma rubuta littafinta irin na kamfani, inda manyan hanyoyi suke da ƙima a rubuce, kuma kowace shekara ake nuna abin da ya zaizaye daga ƙimar. A 1996 aka wajabta wa ƙananan hukumomi tsarin kuɗi na shekara 10, a 2014 kuma aka ƙara musu da tsarin shekara 30 na hanyoyi da ruwa. Kansilan da aka zaɓa na shekara uku dole ya sa hannu a takardar da ke faɗin abin da titunan garinsa za su bukata bayan ya tsufa. Yana iya jinkirta gyara, amma ba ya iya ɓoye cewa ya jinkirta, kuma kowa ya san barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Sun kuma sake tunani a kan kwangila. In kana biyan ɗan kwangila kuɗin kowane ramin da ya cike, ka sa arzikinsa ya dogara da yawan ramuka. A ƙarshen shekarun 1990 suka fara ba da kwangilar shekara goma a kan ɗaruruwan kilomita, inda ake biyan kamfani don hanya ta zauna a wani matsayi da aka rubuta: gargada kada ta wuce kaza, rami kada ya wuce kwana kaza, magudana ta kasance a buɗe. Ya gaza, a yanke masa kuɗi. Nan take yashe kwalbati ya zama riba a wurinsa, don kowane ramin da bai fito ba kuɗi ne ya rage a aljihunsa. An yi ta gyara fasalin irin wannan kwangila daga baya, don rubuta ma'aunin da ba za a yi masa wayo ba shi ma gwaninta ce mai zaman kanta. Dabarar kuwa ba ta masu arziki kaɗai ba ce: a 2001 an gwada ta a Chadi a kan kimanin kilomita 440 na hanyar burji.

Kada a ɗauka Niyu Zilan aljanna ce. A shekarun 2010 kuɗin gyara ya tsaya cik na wani lokaci alhali manyan motoci suna ƙaruwa, aka rage yawan titin da ake sabuntawa. 'Yan shekaru ba a ga komai ba. Sai aka sami shekaru masu ruwa, guguwar Gabrielle ta zo a Fabrairun 2023 ta ƙara, ramuka suka fito har sama da 60,000 a manyan hanyoyi cikin shekarar, abin ya zama maganar zaɓe. A 2024 gwamnati ta ware asusu na musamman don rigakafin ramuka, ta sa burin a riƙa sabunta fatar kashi 9 cikin ɗari na manyan hanyoyi kowace shekara, a sake gina kashi 2. Duba lissafin: kashi 9 yana nufin kowane titi ya sami sabuwar fata duk bayan shekara 11, kashi 2 yana nufin a sake cikinsa duk bayan shekara 50. Amfanin kundinsu ke nan. Da suka yi sake, sun san daidai inda suka yi shi da abin da zai mayar da su kan turba.

Namu rabon

Nijeriya tana da hanyoyi kimanin kilomita 200,000, wajen 35,000 na gwamnatin tarayya. An kafa hukumar FERMA a 2002 don kula da na tarayya, jihohi da dama ma sun kafa nasu, kamar KARMA a Kano. A 2007 aka gyara dokar FERMA aka tanadi kashi 5 cikin ɗari na kuɗin fetur da dizal don gyaran hanyoyin tarayya da na jihohi, sai dai shekaru sun shuɗe tanadin yana kan takarda. Gyaran hanya kuwa ya fi bukatar kuɗi mai zuwa a kan kari fiye da kuɗi mai yawa, domin kwalta da rani ake sa ta, kuɗin da ya iso tsakiyar Agusta ya rasa shekarar. In aka ɗora ma'aunin kashi 9 a kan hanyoyin tarayya, ana maganar sabunta fatar sama da kilomita 3,000 ne duk shekara, ban da na jihohi.

Ilimin kansa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Dattawa suna tuna leburorin hanya na zamanin En'e da ma'aikatar ayyuka, masu sansani a bakin hanya, kowace ƙungiya da yankinta, suna cike kwari suna buɗe magudana tun abin bai girma ba. A Kenya an daɗe ana ba mutum ɗaya da ke zaune a bakin hanyar karkara kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu, da shebur da baro, hanyar ta zama amanarsa. A Nijar da Chadi da Kamaru an san shingen damina, wanda ke tsayar da manyan motoci a hanyar burji bayan an yi ruwa har ƙasa ta tsane, don awa kaɗan na jira sun fi watanni na gyara. Duk waɗannan ba sa bukatar motar lesa. Ƙaramar hukuma tana iya fara kundinta da babur da wayar hannu da littafi.

Abin da ya rage shi ne irin tambayar da muke yi wa masu mulki. Mun saba auna gwamna da tsawon sabon titin da ya shimfiɗa, shi ma ya saba ba mu amsa da wannan ma'aunin. Kowane sabon kilomita kuwa sabon baki ne da za a ciyar shekara hamsin. Ɗan jarida ko ɗan majalisa ko shugaban ƙungiyar direbobi da ya sami kwamishinan ayyuka a gabansa, yana da tambayoyin da suka fi wannan amfani. Kilomita nawa ne a hannunku, kuma nawa ne a ciki fatarsu ta wuce shekara goma? Nawa kuka sabunta bara? Kwalbati nawa aka yashe kafin ruwan farko? Sikeli nawa ke aiki a hanyoyin da tireloli ke bi? Hukumar da ke da amsoshin nan a rubuce ta kama sana'ar, ko da kuɗinta kaɗan ne. Wadda ba ta da su, ko an ninka mata kasafi, titi ɗaya za ta yi ta ginawa sau uku.